Ruwa na bin sitod: littafin aikin injin Suburban 5.7

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Motar Chevrolet Suburban ce ta 1994, mai injin fetur silinda 8, lita 5.7, wanda Amurkawa ke kira 350. A wani gareji aka sauke injin cikin Disamba, aka yi masa borin, aka sa sababbin fistin da ringi da metal. Ɗan Alhajin da ke da motar, wanda ke karatu a Amurka, shi ne ya aiko da kayan. Cikin kayan har da sitod guda 34 da za su maye gurbin tsofaffin ƙusoshin kan inji, wato sandunan ƙarfe masu zare sama da ƙasa, a ɗaura ƙasan a cikin bulok, a zura kan inji, sannan a ɗaure da noti daga sama.

Ƙorafin Alhaji guda ne: kullum da safe sai direba ya ƙara ruwa a lagireto, kuma ba a ga inda yake zuba ba. Motar ba ta ɗaukar zafi, ba ta hayaƙi, tana tashi bugu ɗaya. Na saurari injin a silo, lafiya lau yake tafiya. Wanda ya haɗa shi ya san aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Na leƙa da tocila ta ƙarƙashin manifol ɗin salansa na ɓangaren direba, sai ga farin sawu ya bushe a gefen bulok, ya gangaro daga layin notunan da ke ƙasan fulogi. Na zaro gejin baƙin mai, launinsa bai canza ba. Amma a cikin murfin zuba mai akwai ɗan farin kumfa. A lokacin hunturu motar da ba ta doguwar tafiya takan yi hakan saboda raɓa, don haka ban yanke hukunci a kai ba. Na ce a bar motar ta kwana, a wanke injin tas, kada kowa ya tayar da ita.

Laraba, 8 ga Janairu

Da sanyin safiya na ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, na buga har psi 15 a awon matsi, daidai da abin da aka rubuta a murfinsa. Kafin nan na sa yara sun cire murfin bawul na ɓangarorin biyu, sun busar da kewayen kowane noti da iska, sun barbaɗa hoda. Hodar jarirai ta kanti ta wadatar, ko ɗigo ɗaya ya fito sai ya bar sawu.

Allurar ta fara sauka a hankali. Cikin rabin awa abin ya bayyana. A gajerun sitod na waje guda 5 ruwa yana tsattsafowa, wasu ta ƙarƙashin washa, wasu kuma ta tsakiyar notin kansa, ya taru a kan sandar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne guda 2 daga cikin dogayen da ke ƙarƙashin murfin bawul. Na waje in sun yi yoyo ƙasa ruwan ke zuba, asarar ruwa ce kawai. Na ciki kuwa kai tsaye cikin baƙin mai yake gangarawa, ya bi ramukan komawar mai ya sauka har gindin inji, famfon mai ya kwasa ya kai wa sababbin metal. Ruwa ba ya tsami banza, kumfan nan na murfi ba raɓa ba ce kaɗai.

Ga yadda ginin injin yake, don wanda bai taɓa buɗe irinsa ba. Wannan zuriyar ta injinan Chevrolet ta faro ne a 1955, mai lita 5.7 ɗin ya fito a 1967, kuma duk tsawon shekarun ramukan ƙusoshin kai a buɗe suke ta ƙasa. Ramin yana huda saman bulok ya faɗa cikin hanyar ruwan da ke kewaye silinda. Kowane kai yana da rami 17: dogaye 7 da matsakaita 2 a ƙarƙashin murfi, gajeru 8 a waje. Ke nan gindin kowace ƙusa a cikin ruwa yake zaune, ruwan kuma idan inji ya yi zafi yana da matsi. Ba kuskuren ƙira ba ne, haka aka tsara shi, shi ya sa littafin motar ya ce a shafa gam a zaren kafin a ɗaura.

Galibin injinan Japan da muka saba da su a nan raminsu a toshe yake ta ƙasa. Abin da muka koya tun muna yara shi ne a busar da ramin, a ɗiga baƙin mai a zaren, a ɗaure. Hannu ya riga ya saba. Zargina ke nan, sai na zaro ɗaya zan tabbatar.

Don in cire shakku a kan gasket, na mayar da murafen bawul na tayar da injin, na ɗora kwalbar ruwan gwaji mai shuɗi a bakin lagireto. In hayaƙin silinda na shiga ruwa sai ya koma rawaya. Shuɗi ya tsaya. Ba kumfa a lagireto, fulogi 8 duk launinsu ɗaya. Gasket lafiyarsa ƙalau.

Alhamis, 9 ga Janairu

Alhaji ya zo bayan la'asar. Na nuna masa sawun da ke cikin hodar.

Ya ce, "To Malam, ba sai a ƙara ɗaure su ba? Na ga noti ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko mun ɗaure har sifana ta karye ba zai tsaya ba. Ba ta sama ƙofar take ba."

Dole na yi masa bayani dalla-dalla, domin shawarar da kowa ke ba shi ke nan. Zaren namiji da na mace ba sa cika juna. Idan aka ja sitod sama da ƙarfin noti, fuskar zaren ta sama ce ke mannewa da ta bulok, fuskar ƙasa kuma ta bar ɗan sarari da ke zagayawa tun daga gindi har baki. Ƙara ɗauri yana ƙara manne fuska ɗaya ne kawai, ɗayar tana nan a buɗe. Ruwa ya bi wannan zagayen ya hau, ya cika ramin da ke cikin kan inji, ya iso wajen noti. A ƙusa mai kai, ruwan da ya hau yakan tarar da kai a kwance kan ƙarfe, wani lokaci ya tsaya nan. Sitod kuwa yana da hanya ta biyu, zaren notin kansa. Shi ya sa sitod ya fi ƙusa saurin tona asiri. Kuma in aka wuce awo, ko dai zaren bulok ya tsinke, ko saman bulok ya tsage tsakanin ramin da hanyar ruwa, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Direban ya kawo tasa: wai a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, ko a zuba garin masoro. Na san ana yi, kuma a tsakiyar daji da dare ba zan ga laifin wanda ya yi don ya isa gida ba. Akwai ma ƙwayoyin toshe yoyo da kamfanin General Motors ke sayarwa da sunansa, waɗanda garin citta ne babban abin da ke cikinsu, ruwa ya kwashe shi ya cusa a ƙananan kafofi. Suna aiki a kan ɗan naso. Da gajeren sitod ɗaya ne ke jiƙewa a waje, da na jefa su na sa ido. Amma ga ruwa yana shiga mai, a injin da aka kashe wa kuɗi mai yawa wata ɗaya da ya wuce. Ba zan jira citta ta nemo rami ba alhali metal na wanka da ruwa.

Akwai kuma masu cire noti su cusa silikon ƙarƙashin washa. Wannan rufe ido ne. Ruwan yana nan a tsaye cikin ramin yana cin sandar, kuma gam a ƙarƙashin washa yana ɓata awon ɗauri.

Muka tsaya a kan cewa za a zaro duka 34, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ɗaga kan inji ba. Waɗanda ba su fara yoyo ba ma hannu ɗaya ne ya ɗaura su.

Asabar, 11 ga Janairu

Sauke ruwa ta ƙasan lagireto ba ya isa. Bulok yana riƙe ruwa mai yawa a gefunansa biyu, kuma da yake injin a karkace kawunansa suke, layin gajerun sitod shi ne mafi ƙasa. In ka zaro ɗaya da ruwa a bulok sai ya biyo ka, ya jiƙa zaren, wataƙila ma ya shiga tsakanin gasket. Kowane gefe yana da ramin tsiyayarwa a ƙasa, dab da inda farantin mai ya haɗu da bulok. Na ɓangaren direba toshi ne mai zare. Na ɗaya gefen kuwa, a wannan ƙirar, na'urar jin ƙwanƙwasar inji ce aka ɗaura a cikinsa, gaban kik. Wanda bai sani ba zai yi ta neman toshi bai gani ba.

Na cire toshin, ko ɗigo bai fito ba. Sai da na soka waya na huda ɓawon tsatsa, sannan jan ruwa ya feso. Wankin da aka yi wa bulok ɗin bai kai can ƙasa ba. Shekaru ana zuba wa motar ruwan rijiya da na burtsatse zalla, ga sakamakon.

Muka sauke manifol ɗin salansa biyu don a sami hanya. Na kwance noti na farko, na sa makullin alan a ramin da ke saman sandar, ta fito ba gardama. Zaren ƙasa baƙi ne, yana ƙyalli da man shafawar da ya zo cikin kwalin sitod ɗin. Wancan man na zaren sama ne da fuskar noti, don awon ɗauri ya fito daidai, ba ya toshe ruwa. Na biyu haka, na uku haka. A wasu kuma an ɗan laƙa jan silikon, ya tattare a bakin rami, bai shiga zaren ba.

Na tsiyaye baƙin man a faranti mai tsabta. Na farkon da ya fito ya yi kalar shayin da aka zuba wa madara, sauran da sauƙi. Na yanka filtar mai na buɗe takardarta a rana, ban ga ƙyallin ƙarfe ba. Da alama an kawo motar da wuri.

Talata, 14 ga Janairu

Ranar neman gam. Na zagaya Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Silikon kam ko'ina akwai, ja da baƙi da toka, amma ba shi nake nema ba. Silikon da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kuma ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. Abin da ya tsinke daga gindin sitod cikin ruwa zai faɗa, ya je ya maƙale a bututun lagireto. Farin tef na masu gyaran famfo ma haka, zaren yana yayyanka shi.

Iri biyu ne suka dace. Akwai gam mai kauri da ba ya bushewa ƙarau, irin Permatex mai lamba 2, ko farin nan mai sinadarin teflon da aka yi musamman don zare. Akwai kuma wanda ke daskarewa sai in ya sami kansa tsakanin ƙarfe da ƙarfe babu iska, irin Loctite 567. Na farkon yana da haƙuri, ko sandar ta ɗan motsa ba ya tsagewa. Na biyun ya fi cika sarari da ƙarfi, amma yana son zare mai tsabta sosai da lokacin kamawa. Na sami farin mai teflon a wajen masu kayan injinan masana'anta, na kuma sayi ƙaramin bututu na mai daskarewa don ko-ta-kwana. Na gwada shi tun a shagon: na shafa a ƙusa da noti, na sa a aljihu. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kwali ba shaida ba ne.

Abu na biyu shi ne abin share zare. Zaren bulok 7/16 na inci ne, mai layi 14 a kowane inci, na saman sitod kuma layi 20. Taf na yankan sabon zare ba zai shiga ramukan nan ba in dai ina wurin. Duk shigarsa sai ya ɗebi ƙarfe, ramin ya ƙara faɗi, hanyar ruwa ta ƙara buɗewa. Tsofaffin ƙusoshin suna cikin buhu a bayan motar. Na ɗauki doguwa ɗaya na yi mata tsaga 3 a tsaye da garanda, ta zama mai kwaso datti ba tare da ta ci ƙarfe ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Aikin ba wuya gare shi ba, cin rai ne da shi. Injin a sanyaye, sitod ɗaya kawai ke fita a lokaci guda, sauran 16 suna riƙe da gasket. Na bi tsarin ɗauri na littafi, daga tsakiyar kai ana zagayawa zuwa gefuna.

In sanda ta fito, sai a zura ƙusar sharewa da hannu har ƙasa a fito da ita. A bi da ƙaramin burushin waya mai dogon hannu. A fesa maganin wanke birki ta siririn bututu, a busa iska, a sake fesawa, har farin ƙyallen da aka naɗa a waya ya fito fari. Wannan matakin ne yara ke son tsallakewa, kuma shi ne dukan aikin. Gam ba ya kama mai, ba ya kama tsatsa, ba ya kama ruwa. Babban yarona ya ce, "Oga, ai ya bushe." Na miƙa masa ƙyallen na ce ya sake zurawa. Ya fito da baƙin zobe. Bai ƙara magana ba.

Sandar ma a wanke ta, a busar. Gam a zaren ƙasa kaɗai, a cusa shi da yatsa har cikin kwarin zaren, a zagaye duka, ba a ɗora guntu a gefe ɗaya a ce zai bazu da kansa ba. Nakan bar layin farko na gindi ba gam sosai, don kada ya tattaru ya faɗa ruwa. Zura ta cikin ramin kai yana buƙatar nutsuwa, in ta gogi bango sai gam ya ƙare a hanya. Sannan a murɗa da hannu har ta zauna, a ɗan taɓa da makullin alan, shi ke nan. Sitod ba a ɗaure shi da ƙarfi cikin bulok. Aikinsa ja ne, ba murɗawa ba.

Kafin in zura kowace sanda nakan girgiza ta a busasshen rami in ji yadda zaren ya kama. Yawanci sun zauna daram. Guda ɗaya a gajerun ɓangaren direba, kusa da silinda ta 5, ta yi rawa fiye da sauran. Na yi mata alama da jan fenti, na sa mata gam mai daskarewa.

Man shafawa a zaren sama da tsakanin noti da washa. Ƙasan washa a bushe, don kada ta juya tare da noti. Takardar sitod ta ce 80 a awon lb-ft, kusan Nm 108, da man da suka bayar. Ƙusoshin asali 65 ne, wajen Nm 88. Ba a haɗa lissafin biyu, domin siririn zare da santsin man sun canza yadda ƙarfin hannu ke zama ja. Kowane noti na kai shi a hawa uku, 30 da 55 da 80. A nan sitod ya fi ƙusa: tunda a sama ake awo, gam ɗin da ke ƙasa ba ya shiga lissafi. Na ja layin fenti a kan kowace sanda kafin ɗauri, in ta juya tare da noti zan gani.

Hazo ya sauko sosai makon nan, ƙura har cikin haƙora. Duk gefen da ba a aiki a kai a rufe yake da leda, kuma ba a barin rami a buɗe a tafi salla.

Da muka gama kowane kai na sake bin 17 ɗin da sifanar awo bisa tsari. Ba za a zuba ruwa ba sai Litinin. Mai daskarewar yana son kwana ɗaya zuwa uku, sanyi kuma yana rage masa sauri.

Litinin, 20 ga Janairu

Na mayar da toshi da na'urar ƙwanƙwasa, ita da ɗan gam kaɗan kuma ba a matse ta da yawa, domin ta jikin zarenta take samun as, wato haɗin wuta da jikin inji. Ruwa zalla na zuba tukuna. In wani abu ya sake shiga mai, ruwa ya fi kulan, wato sinadarin sanyaya inji, sauƙin ɓarna, shi kulan yana haɗuwa da mai ya zama dauɗa mai danƙo, ya ci metal.

Hoda, famfo, psi 15. Awa guda allura ba ta motsa yadda ido zai gani ba. Na ciki duka a bushe. Na waje 15 a bushe. Mai jan fentin nan kuwa, hodar gefen washarta ta yi duhu. Ba gudu yake ba, naso ne, amma a sanyi ke nan.

Na zaro ta. Gam ya kama a sama, a ƙasa kuwa bai sami abin kamawa ba. Na leƙa da ƙaramar kyamarar waya mai igiya: layukan zare na ƙasa tsatsa ta cinye su, na sama ma bakinsu ya dakushe. Yanzu ba maganar yoyo kaɗai ake ba. Zaren da ya rage shi ke ɗauke da jan Nm 108, kuma wata rana a kan hanya zai saki. Na kira Alhaji na ce kai ɗaya zai sauka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yi abin da ya dace, Malam."

Laraba, 22 ga Janairu

A wannan injin ba a ɗaga kai ɗaya sai an cire manifol ɗin shan iska da ya haɗa kawunan biyu, shi kuma sai distirbuta ta fita. Na yi mata alama kafin in zare. Da sitod a tsaye kan ba ya fita a cikin mota, tukunyar birki ta tare shi ta baya, don haka duka 17 suka sake fitowa. Gam ɗin makon jiya na wannan gefen ya tafi a banza.

Na goge saman bulok na duba kewayen ramin da gilashin ƙara girma, na fesa maganin nuna tsaga. Babu tsaga, alhamdu lillahi. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai da bulok, duka a shafe suke. Sauran ramukan 16, yanzu da nake ganinsu ido da ido, zarensu ya ishe su.

Gyaran zare iri biyu ne. Akwai na waya mai naɗi, Heli-Coil, ana samunsa a gari, a huda da bit 29/64 a yi sabon zare a murɗa shi. Yana da ƙarfi, ba na musu. Amma a ramin da ke cikin ruwa waya tana ba da hanyar zagaye biyu, ta bayanta da ta cikinta, ga sarari tsakanin naɗi da naɗi. Na fi son hannun riga na ƙarfe guda, irin Time-Sert, mai zare ciki da waje, wanda abin ɗaura shi ke buɗa gindinsa ya kulle a bulok. Ɗan Alhaji ya ce zai ba wani mai dawowa gida, tare da gasket na kai da na manifol. Mun shafa wa silindojin mai, mun rufe da leda da tef.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Babban haɗarin shi ne rami ya karkace, domin saman bulok a jirkice yake, ido kuma yana ruɗin mutum. Na sa mai injin tona ƙarfe ya huda mini faranti mai kauri a miƙe, na ɗaure shi da sitod biyu na maƙwabta ya zama jagora. Na cika bit da taf da giris don su riƙe ɓarɓashi, ina shiga kaɗan ina fitowa ina gogewa. Abin da ya kuɓuce ya faɗa hanyar ruwa, na kore shi ta ramin tsiyayarwa da tiyo, na tare a ƙyalle don in gani.

Bayan ya bushe na wanke giris ɗin sarai, na shafa gam mai daskarewa a bayan hannun rigar, na ɗaura shi ya zauna ɗan ƙasa da fuskar bulok. Sandar ta shiga ba rawa ko kaɗan.

Sabon gasket, kai ya hau, sitod 17 da farin gam, ɗauri hawa uku daga tsakiya. Silikon da na ƙi a zare, ga wurinsa ya zo: bakin bulok na gaba da na baya inda manifol ke zama. Na saita bawul, na mayar da distirbuta kan alamarta.

Talata, 4 ga Fabrairu

Gwajin sanyi ya wuce, hoda fara fat a duka 34. Sabon mai da filta, na tayar. Na cire wayar saitin wuta mai ruwan ƙasa da baƙin layi, na daidaita a sifili kamar yadda takardar da ke manne gaban injin ta nuna, na mayar da ita.

Na tarar babu tamostat a motar, kamar yadda aka saba cirewa a ƙasar nan da sunan zafi. Na sa sabo mai buɗewa a 195 na awon Amurka, wajen digiri 90. Kwamfutar wannan injin da zafin ruwa take auna fetur, in ya ƙi ɗumi sai ta yi ta ɗura masa, kuma man da bai yi zafi ba ba ya korar danshin da ya shige shi.

Muka je Wudil muka dawo. Na bar ta ta huce har washegari, na sake bin notunan da sifanar awo. Kaɗan daga na gefen sabon gasket sun ɗan motsa kafin ta yi ƙara, layukan fentin sandunan kuwa suna inda suke. Na sake zubar da man nan duk da sabo ne, shi ne na wanke ragowar ruwan da ya maƙale a lunguna.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Direba ya kawo ta bayan sun je gona sun dawo. Ruwa yana kan layinsa, murfin mai a bushe. Yau na sauke ruwa zalla ta ramukan bulok biyu, na zuba kulan rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Wannan ma gwaji ne, domin haɗin kulan ya fi ruwa zalla iya kutsawa ƙaramar kafa, sau da yawa injin da ya riƙe ruwa yakan fara naso ranar da aka canza. Na buga famfo da sanyi, na sake dubawa da zafi, babu komai.

Na gargaɗi direba a kan abu biyu. Kada ya ƙara ruwan rijiya, ga jarka na haɗa masa ya ajiye a mota. Kuma kada a bar kulan a buɗe a tsakar gida, zaƙi gare shi, dabba ko yaro in ya sha guba ce mai kashe ƙoda.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ban so in rufe littafin nan da gwajin hunturu kaɗai ba, shi ya sa na ce a dawo da ita bayan salla in zafi ya kankama. Ta yi zirga-zirgar azumi cikin cunkoson gari da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ta je Zariya ta dawo da tsakar rana. Na cire murafen bawul, kewayen dogayen sitod mai ne zalla. Gajerun na duba su da madubi, har da mai hannun riga, ba farin sawu. Famfo ya riƙe psi 15.

Robar ajiyar ruwa ta ɗan sauka ƙasa da layi. Na bi sawu har bayan mota, na tarar bututun ƙarfe da ke kai ruwa ga hitar kujerun baya ya yi tsatsa a wajen maɗaurinsa, yana jiƙewa. Ba ruwansa da aikin kai. Alhaji ya ce ba ya amfani da hitar baya, don haka ranar Litinin za mu yanke layin daga gaba mu haɗe shi da tiyo, mu canza murfin lagireto tunda robarsa ta fara tauri.